Tsakuwar da Ban Taɓa Taunawa Ba

'Yan'uwana cikin Ubangiji, na gaishe ku duka da sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Idan kuka ga na nemi kujera a tsakiyar magana ku yi mini haƙuri, ƙarfin bai gama dawowa ba.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Bitrus, ina zaune a unguwar Badariya, nan Birnin Kebbi. Daga Filato na zo garin nan tun ina saurayi, aikina gyaran injin ban ruwa. Manoman shinkafa daga nan har Argungu da Augie suna kirana Injiniya, ko da yake ban taɓa leƙa ƙofar jami'a ba. Matata Rahila, wadda kuka sani da Maman Alheri, ta tafi wurin Ubangiji bara da damina, bayan shekara talatin da ɗaya muna tare.

Shaidata ta yau maganar tukunya ce. Mai son dariya ya yi, ba zan ji haushi ba.

Bayan jana'iza, zumuntar mata sun riƙe ni kusan wata biyu. Yau wannan ta aiko kular abinci, gobe waccan. Allah ya saka muku, iyayena. Amma kowa da gidanta, ni kuma na fara jin nauyi, sai na ce musu su huta, ina ci a wurin aiki. Ƙarya na yi, yau na furta a gabanku. Shayi da burodi ne da safe, garin kwaki da rana idan na tuna, da yamma in sha ruwa in zauna ina kallon bango.

Kicin ɗinta kuwa na ja ƙofar na bar shi. Zanin da take ɗaurawa in za ta yi girki yana nan rataye a ƙusa, kujerarta 'yar tsuguno tana inda ta bar ta. Ni da nake kwance inji ɗai-ɗai in mayar da shi ya tashi, ban san ta inda ake fara dafa shinkafa ba, kuma ban so in sani ba. Addu'ar cin abinci ta tsaya tunda babu abincin, sauran addu'o'in suka bi ta. Kuna ganina nan kowace Lahadi a layi na uku, bakina yana motsi da waƙa, amma cikina babu komai sai gajiya.

Da aka shiga noman rani, wata rana ina tsugune a kan injin wani manomi a fadamar Augie, na miƙe, sai duniya ta juya. A asibiti na farka. Likita ya ce gyambon ciki ne, kuma yunwa ce ta kawo shi. Aka kira 'yata Alheri, wadda take aikin jinya a Jos, ta zo ta yi mako guda tana dafa mini abinci. Ranar da za ta koma ta tsaya a bakin ƙofa da jakarta.

"Baba, zan dawo da Ista. In na same ka haka, za mu rufe gidan nan ka bi ni Jos. Na binne Mama, ba zan zauna a kira ni a ce ka bi ta ba."

Na ce mata kabarin mamanta yana garin nan, zogalen da ta shuka yana tsakar gida, manomana suna nan, me zan je yi a ɗaki ɗaya a gidan suruki? Ta ɗauki jakarta ta kama hanya. Halin uwarta ta ɗauko, ba ta maimaita magana.

To, kafin in ci gaba sai na tona wa kaina wani asiri. Dattawan zumuntar maza sun san shi, ga su can suna murmushi. Ina da fahariya a kan shinkafa. Akwai wani abokina a kasuwar Argungu, Malam Bawa, manomi ne kuma yana sayarwa, tun Alheri tana goye a wurinsa nake saye. Duk baƙon da ya ci abinci a gidana sai ya sha wa'azi. In ce masa ya ci da ido rufe, 'yar gida ce amma babu tsakuwa ko ɗaya, sayen shinkafa sai wanda ya iya. Har tsiya nake yi wa masu sayen ta kamfani. Rahila takan yi murmushi kawai ta ƙara wa baƙo miya.

Da Alheri ta tafi, tsoron Jos ya sa na hau babur na je na auno sabuwar shinkafa a wurin Malam Bawa. Na buɗe kicin ina kau da ido daga zanin nan, na ɗauraye shinkafa na zuba a tukunya. Ranar farko ƙasa ta ƙone, sama ɗanya. Rana ta biyu ta dahu, har na ji ɗan daɗi a raina. Cokali na biyu, ƙaras! Haƙorina na turmi ya ɓalle gefe guda. Kashegari na sake gwadawa, ina tauna ina tsoro, kowace loma sai na tofar da yashi.

Fushin da na yi wata da watanni ina haɗiyewa ban san wa zan ɗora wa ba, ranar ya sami mai shi. Na naɗe guntun haƙorin a takarda, na ɗaure ragowar shinkafar a bayan babur, sai Argungu. Ko gaisuwar kirki ban yi ba. A gaban mutane na ce wa Malam Bawa don ya ji matata ta mutu shi ne ya fara auna mini shara, na buɗe takardar na ajiye masa a kan buhu. Na faɗi maganganun da bai kamata dattijon ikilisiya ya faɗa ba.

Bawan Allahn nan bai katse ni ba. Sai da na ƙare, numfashina ya dawo, ya jawo mini benci.

"Zamna, Injiniya. Wallahi shinkafa ɗai ta, wadda nika ba ka tun farko. A ƙasa anka sussuke ta, a ƙasa anka shanya ta, babu 'yag gida da ba ta da tsakuwa. Kai dai ba ka taɓa iske ta ba, don akwai mai hidda maka ita."

Na ce wa?

"Madam mana. Ita ka rege maka."

Ni ban ma san yadda ake regewar ba. Ya aro ƙwarya biyu da ruwa wurin mai abincin da ke kusa da shi, ya tsuguna nan cikin kasuwa. Ya ce su maza a fadama lokacin girbi da kansu suke dafawa, dole suka koya. Ya zuba shinkafa da ruwa a ƙwarya ɗaya, ya riƙa kaɗa ta a hankali yana ɗan karkatawa, shinkafar tana zamewa cikin ɗayar kaɗan-kaɗan. Ya mayar ya sake, ya kuma sakewa. Abin da ya rage a gindin ƙwaryar ya kwashe ya zuba mini a tafin hannu: yashi da ƙananan tsakuwa, na cin mutum ɗaya kawai. Ya ce, "Allah shi ba ka haƙuri, abokina." Ko maganar zagin da na yi masa bai tayar ba.

Ban san yadda na kawo kaina Birnin Kebbi ba. Sau biyu ina tsayawa a gefen titi don idona ba ya ganin hanya.

Da na iso, kicin na wuce kai tsaye. Ga ƙwaryar nan a kife a kan randa, tsohuwa, har da ɗinki a gefe inda ta tsage. Sau nawa na ce mata ta jefar da ita, na sayo mata roba mai kyau, ta ce in bar mata abarta. Kuma na san ƙarar. Kullum da yamma in na dawo ina jin ta daga tsakar gida, shaa, shaa, ina ɗauka wanki kawai take yi. Har nakan ɗaga murya in ce wankin shinkafa sai ka ce wankin bargo, yunwa fa nake ji. 'Yan'uwa, tsakuwa take cire mini, ga ta da ciwon baya, ni kuma ina waje ina ƙorafi, in an gama in karɓi yabon.

Na zauna a kan kujerarta da ƙwaryar a cinyata, na yi kukan da ban yi ba ko a bakin kabari. A nan addu'a ta dawo mini, ba mai tsawo ba. Na ce, "Ya Ubangiji, na gaji. Ban gode mata ba, yanzu kuma babu hali. Kai ma haka na yi maka, kana kawar mini da abubuwa a hanya ina cewa iyawata ce. Ka gafarta mini. In kana so in ci gaba da rayuwa, ka koya wa hannun nan."

Ban ji murya ba, ban ga haske ba. Abin da ya faru ƙarami ne, amma ni na san daga inda ya fito: yunwa na ji. Yunwa ta gaske, irin wadda rabona da ita tun Rahila tana kwance. Yabo ga Ubangiji!

Na tashi na gwada regewa. Rabin shinkafar a ƙasa ta ƙare, kajin maƙwabta suka yi biki. Haka na yi ta fama kullum. Hannun da ya saba da sifanar gyaran inji ba ya son lallashi, ita kuwa ƙwarya ba a yi mata gaggawa. A hankali na iya shinkafa da wake da mai da yaji. Na iya dafa-duka da busasshen kifin Argungu da albasa. Maman Dauda ta zumuntar mata ta koya mini kaɗa miyar kuka ta waya, tana dariya har tana tari. Tuwo dai har yau ya fi ƙarfina, gudaji ne tun daga sama har ƙasa. Na kuma koma Argungu na ba Malam Bawa haƙuri a daidai wurin da na ci mutuncinsa.

Ista ta zo, Alheri ta iso. Na ga wata babbar jaka a naɗe ƙarƙashin hannunta, babu komai a ciki, na san ta kayana ce. Ta nufi kicin, na ce ta zauna, yau baƙuwa ce. Na kawo mata dafa-duka. Ta yi addu'a, ta ɗauki cokali, tana tauna a hankali kamar mai taka ƙaya. Ni ina tsaye, gabana yana faɗuwa fiye da ranar da na je neman auren uwarta. Ta cinye, ta miƙo farantin a ƙara mata.

"Baba, wa ya koya maka regewa?"

Na ce ashe ta san shinkafar tana da tsakuwa.

"Duk gidan mun sani. Mama ce ta ce kada wanda ya gaya maka, tunda abin yana faranta maka rai."

Muka zauna mu biyu muka yi kuka, abincin yana hucewa. Da hutunta ya ƙare, jakar nan ta tafi Jos cike da shinkafar Malam Bawa da albasa. Kayana suna nan a ɗakina.

Ba zan ce muku na warke sarai ba. Har yanzu hannuna na mutum biyu yake aunawa, sai na zuba sannan in tuna. Akwai ranakun da nake gama girki in rasa ƙarfin ci, sai in tilasta wa kaina. Amma ina ci, ina addu'a, ina gidana, kuma ina iya zuwa in share kabarin matata duk ranar da na so.

Ga wannan gwangwanin madara da na zo da shi. Tun ranar da na koyi regewa nake tara abin da na cire a ciki. Kun ji ƙararsa? Ya kusa cika, kuma na 'yan watanni ne, na bakin mutum ɗaya. Ita ta yi shekara talatin da ɗaya tana yi mana, ba ta taɓa nuna mini ko ƙwaya ɗaya ba.

Na gode wa Allah da ya ba ni Rahila, na gode masa da bai bar ni na mutu da yunwa a kan fahariyata ba. Wanda ya gaji a cikinku, ya faɗa wa Ubangiji ya gaji, yana ji, ku dogara gare shi. Ku kuma maza 'yan'uwana, in an tashi sujada kuka koma gida aka ajiye muku abinci, kuka ci ba ku tauna tsakuwa ba, ku yi godiya tun mai ƙwaryar tana jin ku.

Cikin sunan Yesu, amin.