Kwamfutar da Ke Farkawa da La'asar

A bencin shagon mai gyara, wani dattijo ya kasa daina kallon kwamfutar tebur da wata mata ta rungume.

"Baiwar Allah, me ke damunta?"

"Ina sa ta barci, Baba, amma kullum da la'asar sai faifan ajiyarta ya tashi yana gurnani."

"Ikon Allah! Kullum lokaci ɗaya? Ai wani ne ya saita ta. Wa ke aiki da ita?"

"Maigidana. Lokacin yake dawowa daga ofis."

"To, ya cire saitin mana."

"Ya rasu bara."

"Allah ya jiƙansa. Mai gyara zai cire miki yanzu."

Ta miƙe da kayarta. "A'a, Baba. A bar ta ta riƙa tashi."