Na Dama Ba Ya Sallama

A bencin asibiti, wani tela ya ishi tsohuwar da ke gefensa da mita.

"Wai ciwon dajin hanji ne da matata, Iya. Yayana ya yi shi, jini muka gani a bayan gidansa, cikinsa ya toshe. Matata kuwa gajiya ce kawai da ƙarancin jini."

"Na yayanka a hanjin hagu yake," in ji tsohuwar. "Na dama ba ya sallama, a ɓoye yake tsotse jinin mutum. Ni ma a daman aka yanka ni."

"To ai shekara guda ina saya mata maganin ƙarin jini."

Ta ja tsaki. "Shekara guda kana zuba ruwa a randa, ɗan nan, ba ka tambayi ta ina take yoyo ba?"