Benen da Baba Bai Iya Hawa Ba

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Habibu Sani daga Dandamisa.

Mahaifinmu ya daɗe yana fama da shanyewar ɓarin jiki, kuma burinsa ya ga teku da idonsa. Bayan girbi sai na kama mana gidan haya a Legas ta waya. Na faɗa wa mai gidan halin da Baba yake ciki, ya ce, "Alhaji, daga kan gado zai riƙa kallon ruwa."

Da muka isa, ashe ɗakin yana hawa na uku, matakalar kuma matsattsiya. Ni da ƙanena muka ɗauke shi, yana nishi, tun ba mu kai hawa na biyu ba ya ce, "Habibu, ku sauke ni, ya isa."

Muka kwantar da shi a ƙasa. Ya kasa kunne, ya ce, "Wannan rugugin shi ne tekun?" Na ce, "Shi ne, Baba."

Washegari jikinsa ya rikice, muka wuce asibiti, daga can sai gida, inda Allah Ya yi masa rasuwa bai ga tekun ba. Makon jiya muka binne shi.

Jama'a, kada ku kama gidan da wani naku bai je ya gani ba. Ku sa Baba a addu'a.