'Yar Ja Mai Ƙofa Biyu

A rumfar mai faci a Tofa, wani dattijo riƙe da rago ya dubi mai wata tsohuwar mota.

"Malam, wannan kuwa tana tashi?"

"Bugu ɗaya, Baba! Shekara sha biyu ba ta taɓa kwana a hanya ba. Amma so nake in sayar, in sayi 'yar ja mai ƙofa biyu."

"Takin gona fa, da me za ka ɗauko shi?"

"Ai shi ya ishe ni. Yau taki, gobe akuyar maƙwabci, jibi ƙawayen amarya. Ni ma in ɗana mana!"

"Gaskiya mutane ba su da kara. Dawakin Tofa ka nufa?"

"Eh."

"To kafin ka sayar, rage mana hanya ni da ragon nan."

"Sa shi a baya, Baba. Ta saba."