Kunun da Iliya Ya Ƙi Karɓa

Ina gaishe ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu Almasihu mai cetonmu. Ni ce Maman Iliya ta Bodinga. Ban yi boko ba, matar fasto ce ke rubuta mini, kuma na ce kada ta gyara mini ko kalma.

Kun san ni, ba na wasa da yaro. Amma duk sa idona, maganin tari ya shigo gidana ya kama Iliya, autana. Na yi duka, na yi faɗa, na kulle ƙofa. A banza. Sai da ya fara zama wurin wani mai gyaran keke, ya ɗau hawan keke, sannan kwalbar ta fara sakinsa.

Bana ya shiga wani tseren keke na kwanaki, daga can kudu har Sakkwato. Kafin ya tafi ya zaunar da ni ya ce, "Mama, tseren nan da doka. Kowa shi ke ɗaukar nauyin kansa. Abin da kowane ɗan tsere zai iya samu a hanya, shi kaɗai aka yarda. In wani nawa ya kawo mini ko ruwa, an cire ni."

Na ce, "Wace doka ce ta hana uwa ɗanta?" Ban ji ba.

Ranar da za su wuce ta wajenmu na dama kunun tsamiya, na hau mashin ɗin Yakubu, ɗan kabu-kabun unguwarmu, muka nufi hanyar Shagari. Zafin bazara kamar an buɗe tanda. 'Yan tsere suka yi ta wucewa ɗaya-ɗaya, babu Iliya.

Can muka same shi zaune gefen kwalta, taya ta yi faci, leɓensa ya tsage, gorarsa babu ko ɗigo. Wayyo Allah!

Na miƙa kunu. Ya ja baya.

"Mama, don Allah kada ki taɓa ni."

Yakubu ya ce, "Kai Iliya, wa ke ganinka a dajin nan? Sha abinka, ka riƙe bayan mashin in ja ka har kwanar Bodinga."

Iliya ya ce, "Waɗanda suka wuce ni, uwar wa ta kawo musu kunu? In na fara ɓoye-ɓoye yau, Mama, kin san inda ɓoye-ɓoye ya taɓa kai ni."

'Yan'uwa, nan ƙarfina ya ƙare. In na tilasta masa ya sha, na rushe abu ɗaya da ya tsayar da shi da ƙafarsa. In na bar shi, zai iya faɗuwa a gabana. Ni da ake tsoron muryata a unguwa, ga ni tsaye da kwano, ba ni da amfanin komai. Robar facin ta faɗi cikin ƙasa, ina gani, ba halin in ɗauko masa.

Na durƙusa a kan tsakuwa mai zafi na ce, "Yesu, hannuna an ɗaure. Ɗan nan naka ne tun kafin ya zama nawa. Ka shayar da shi ta inda doka ba za ta kama shi ba."

Iliya ya gama facin da ƙyar, ya tura keken, mu muna bin sa daga nesa kamar baƙi. Ba mu yi nisa ba sai ga randa a gindin itacen dogon yaro, da moɗa a kai. Wani tsoho Musulmi na gefe yana tsince albasa.

Iliya bai taɓa moɗar ba sai da ya tambaya. "Baba, ruwan nan na kowa ne?"

Tsohon ya yi dariya. "Yaro, randar ga ta girme ka. Duk masu kekunan da sunka wuce sun sha. Mi kake jira, takarda?"

Halleluya! Ya sha, ya jiƙa kai, ya cika gora. Ya ɗaga mini hannu ya hau.

Ya isa Sakkwato bayan kusan kowa. Bai ci kyautar komai ba, amma sunansa na cikin waɗanda suka gama, ba a goge shi ba. Har yau bai koma ga kwalba ba.

Kunun kuwa, ni da tsohon da Yakubu muka shanye shi a gindin itacen nan. Tsohon ya ce tsamiya ta yi yawa. Ban tanka ba, abin da ban taɓa yi ba.

Na gode wa Ubangiji. Iyaye mata, in kun kai inda hannunku ba ya kaiwa, ku dogara gare shi. Ya ajiye randarsa a hanya tun ba ku fito daga gida ba. Amin.