Malachy Tierney da Dokar Ƙura

Fada Considine, mai girma Magajin Gari, 'yan majalisar da suka taso daga Boston, uwargida Nuala da 'ya'yanki, 'yan'uwana masassaƙa dutse, sannunmu da haƙuri.

Ku yi mini uzuri in tari ya tsayar da ni. Na gaji da irin wannan tsayuwa ta bankwana da mamatanmu, bana kaɗai wannan ce ta bakwai.

Malachy Tierney ya sauka daga jirgin ruwa yana ɗan shekara sha bakwai, daga Leitrim ta ƙasar Ireland, da takalmin mahaifinsa a ƙafa. Shekara ashirin muna sassaƙa dutse a rumfa ɗaya, muna shaƙar ƙurar da ke cinye huhu. Da muka tura shi majalisar jiha, aike ɗaya muka ba shi: dokar da za ta tilasta wa masu rumfuna kafa injin zuƙe ƙura.

Ya kasance mai naci. Sau goma sha tara yana kai ƙudurin, ana binne shi a kwamiti. Wani ɗan majalisa mai raina mutanen Ireland da lafazinsu ya taɓa ce masa, "Ɗan dankali, je ka gyara harshenka tukuna." Ya ce, "Ranka ya daɗe, zo rumfarmu ka yini cikin ƙura, mu ji naka."

Ya kasance ba ya ƙetare gidan makoki. Na taɓa tambayarsa, "Malachy, kai ba ka gajiya?" Ya ce, "Dinny, tun shekara ta uku na gaji. Kunyar matan da nake yi wa ta'aziyya ce ke tashina."

Nuala, mun ƙwace miki miji shekara sha tara, har yau ba mu da abin nuna miki. Ranar Talata ƙudurin zai shiga zauren majalisa karo na farko, kujerarsa ba kowa.

A al'adarmu ba a ɗora namu a mota, a kafaɗa ake kai shi. Ranar jana'izarsa muka zaɓi ƙarfafanmu shida, babbansu bai cika arba'in ba. Daga coci zuwa maƙabarta tafiyar minti goma ce. Sau huɗu suka sauke shi ƙasa, numfashinsu ya ƙi. 'Yan majalisa, kuna biye da mu, kun gani da idonku.

Na gode da zuwanku. Ubangiji ya ba Malachy hutun da bai samu a hannunmu ba, ya sanyaya zuciyar Nuala, mu kuma ya ara mana numfashi zuwa Talata. Amin.