Gemun Tsohona da Maganin da Ya San Hanya

Shugabar wannan taro, manyan likitoci da ƙanana, ma'aikatan jinya masu taushin hannu da masu zafin allura, marasa lafiya da masu jinyarsu, jama'a maza da mata, assalamu alaikum.

Ina godiya da kuka buɗe wannan sabon ɗakin bincike, ina kuma godiya da kuka miƙa wa tsohuwa lasifika. Wanda ya ba da wannan shawara zai yi nadama, don sai na gama nawa zan sauka.

Magana ta farko, ina da maza biyu a zauren nan. Ga tsohon can a layin gaba ya rufe haɓa da rawani, ga kuma angona na wasa, jikana, mai farar riga, wanda ya girma ya zama mai binciken magani bai taɓa saya mini ko ɗankwali ba.

Ta biyu, tsohon nan yana fama da ciwon daji. Da aka fara sa masa magani a jijiya, amai ya zo, baki ya yi miki, gemu ya zube. Gemun da yake tajewa tun ina amarya! Har yau matajin yana aljihunsa, yana jiran aiki. Daga nan ya yi rantsuwa. Ya ce, "Ke, ciwon bai taɓa mini gemu ba, magani ne ya taɓa. Ba ni komawa." An sa masa rana ya ƙi, an sake sawa ya ƙi, kumburin kuwa bai ƙi girma ba.

Ta uku, na kama kunnen jikana na ce, "Kai ango, wane irin magani ne wannan da bai san gida ba?" Ya kai ni ɗakin aikinsu, ya nuna mini 'yar kwalba da ruwa gauraye-gauraye. Ya ce, "Kaka, tsohon maganin ɗan aike ne da ba a yi wa kwatance ba, kowace ƙofa bugawa yake. Shi ya sa ake ƙulle shi cikin 'yan ƙunshi na maiƙo, ƙanana ƙwarai, silin gashinki ya fi su kauri nesa ba kusa ba. Jini ya ɗauke su, su fi taruwa a wurin kumburin, can su kwance. Mu kuma nan alama muke neman manna musu, su ƙara gane ƙofar." Na ce, "Ashe har magani ana yi wa tarbiyya, kai ne dai ba ka samu ba."

Ba zan yi muku ƙarya ba. Likitar tsohon nan ta ce akwai irin ƙullallen maganin da ya dace da shi, ba a ce babu wahala ba, ba a ce gemu ya tsira ba, amma ana sa ran sauƙi. Jibi take jiransa.

To Malam, a ɗaka ka ƙi ni, a tsakar gida ka ƙi ni, yau ga ka gaban jama'a. Ni ba gemu na aura ba. Da gemu ko ba gemu, ina son wanda zan yi wa tsiya da safe. Za ka je?

Ku duba, jama'a! Ya ɗaga matajin sama, ya yarda ke nan! Shugaba, ke ce shaida. Ango, kai za ka tuƙa mu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ƙara wa masu bincike basira, Ya ba masu jinya haƙuri da tsofaffi masu taurin kai, Ya mai da kowa gida lafiya.

Na gode.